Aska Takwas da Shafin Intanet

Aikin farko da aka biya ni kuɗi a kansa, bayan na koyi tsara shafin intanet a Samaru, na wani dattijo ne mai ɗinkin manyan riguna a cikin birnin Zariya. Ɗansa ne ya haɗa mu. Suna da masu saye a Kano da Abuja har Nijar, hotunan kayansu kuwa a warwatse suke cikin WhatsApp, sai suka ga gara a tara su wuri guda.

Mako uku na yi a kan aikin, kuma duk abin da na iya sai da na zuba. Manyan hotuna biyar masu juyawa da kansu, rubutu mai shigowa daga gefe, ruwan zinare a kan shuɗi, da wani salon haruffa mai kama da rubutun hannu. A allon kwamfutata abin gwanin sha'awa.

Ranar da zan nuna, na shiga ta Ƙofar Doka na same shi a zaure, yaransa uku na gefe kowa da allura a hannu. Ina ƙoƙarin fito da kwamfuta ya ce, "A'a ɗana, buɗe mini a nan," ya miƙo 'yar wayarsa. Muka yi ta jira. Hotunan yadda suka fito daga kyamara haka na ɗora su, kowanne ya kai megabait huɗu, sabis kuma ba ƙarfi a cikin zauren ƙasa. Da shafin ya buɗe, sai ga ƙ da ɗ na sunan shagon sun fito da wata siffa daban, kamar faci a jikin sabuwar riga, domin salon haruffan da na zaɓa ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ga ni kuma na kasa fitar da sunan Bahaushe daidai.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya jawo wata farar shadda da aka gama, ya shimfiɗa a cinyarsa, ya bi aska takwas da yatsa daga wuya zuwa aljihu, ya juya ya nuna mini tambarin baya. Sannan ya shafa sauran rigar da tafin hannu.

"Nan fa, me ka gani?"

Na ce, "Babu komai, Baba."

Ya ce, "To da mun cike nan da zare, wa zai ga askar?"

Da wannan tambayar na koma gida na rushe aikin. Na gane cewa ado na yi wa shafin, alhali kayan da ke cikinsa su ne adon. Na mai da bayan shafin fari, na bar fili tsakanin hoto da hoto, launi biyu kacal na riƙe. Na matse hotunan zuwa WebP, wani tsarin ajiye hoto mai rage nauyinsa, kowanne bai kai kilobait ɗari biyu ba. Haruffa na koma kan Noto na Google, wanda ƙ da ɗ da ɓ suka zauna a cikinsa daram. Akwai ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don kowa ya iya amfani da shafin intanet cikin sauƙi, da ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da abin da ke bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. A da lamba ce kawai a wurina, sai da na tsaya a bakin titin Tudun Wada da rana tsaka na kasa karanta rubutuna mai ruwan toka. Tun daga nan ba na miƙa aiki sai na fita da waya cikin rana na duba.

Kada a ce ina ƙin ado. Wanda ya taɓa tsayawa gaban ƙofar fadar Zazzau ya san launuka da zane suna iya cika bango su yi kyau. Amma a ƙofa suke, inda baƙo zai ɗaga kai ya san inda ya iso. Haka na yi: siririn zanen dagi guda a saman shafin, na zana shi da kaina, sai sunan shagon. Tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a shekarun 1830 ma darasi ne, don bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin, shi ne kuma abin kallo. A shafin Alhaji, koren maɓallin tura saƙon WhatsApp na ƙarƙashin kowace riga ne ya ɗauki wannan matsayi. Shi ke kawo ciniki, shi ne kuma ido ke fara sauka a kai bayan hoto.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne yadda da yawanmu ke sauko da shiryayyen tsari na ƙasashen waje, mu sauya suna kawai, har da hotunan mutanen da ba su san hanyar Zariya ba. A 1958 ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a nan garin, suka ce za su koyi dabarar Turawa amma su zana da abin da suka gada. Mu da muke da zanen hula da na bango da na ƙwarya kewaye da mu, ban ga dalilin da shafukanmu za su fito duk iri ɗaya ba.

Da na koma zauren, shafin ya buɗe kafin in gama gaisuwa. Alhaji ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton wata riga har zaren ya fito ɗaiɗai, ya kira yaron da ya ɗinka ta ya nuna masa. Sannan ya dube ni ya ce shuɗin waccan ta ukun ba haka yake ba, in dawo gobe da hantsi a fito da ita tsakar gida a sake ɗauka.