Na warware ƙashin bayan kifi gaɓa-gaɓa, ga abin da na gani

Karfasa ɗaya da tarwaɗa ɗaya na samo, ba don komai ba sai don in ga yadda ƙashin bayansu yake tun daga kai har jela. Na sa su a ruwan zafi amma ban bari ya yi ta tafasa ba, don in ya wuce misali gaɓoɓin rabuwa suke su cakuɗe, shikenan ka rasa wacce ke bin wacce. Da naman ya saki sai na riƙa cire shi da hantsaki da tsohon buroshi, duk gaɓar da ta fita in ɗora ta kan kwali in rubuta mata lamba. Gaɓoɓin karfasa ba su da yawa, wajen 30 ne.

Kowace gaɓa in ka ɗaga ta za ka ga tana da ƙugu a tsakiya kamar kalangu, gaba da baya duk a rarake, kuma cikin ramin akwai zobe-zobe siraran gaske waɗanda masana ke ƙirgawa su kimanta shekarun kifin. A sama kuma kowacce na da ƴar ƙofa inda laka ke bi, da tsini a kanta. Wannan kusan duk haka suke.

To inda labari ya canza shi ne ta ƙasa, kuma gaskiya nan na fi daɗewa. Gaɓoɓin gaba ƙasansu a buɗe yake, ƴan hannaye biyu ne suka fito hagu da dama, haƙarƙari ya rataya a jikinsu ya rungume kayan ciki. Kana matsawa baya hannayen nan suna ƙara tsawo suna sunkuyowa ƙasa suna kusantar juna, kawai sai ka iso wata gaɓa ka ga sun haɗe sun yi ƙofa ta biyu da tsini guda a ƙarƙashi, ta wannan ƙofar manyan jijiyoyin jinin jela ke wucewa. Wallahi na daɗe ina juya gaɓoɓi biyu ukun da ke kan iyakar nan, don daidai nan ciki ya ƙare. Daga nan babu haƙarƙari kuma, sai tsini sama tsini ƙasa, wurin da tsoka ke kamawa ta kaɗa jela. Can ƙarshe ƙashin ya ɗan lanƙwasa sama ya baje ya zama faffaɗa, a kansa filafilin jela ke zaune.

Wuya kuwa babu shi sam, kai manne yake da gangar jiki.

Tarwaɗa ce ta fi ba ni aiki, gaɓoɓinta na farko a haɗe suke dunƙule guda bayan ƙoƙon kai, kar ma ka ce za ka raba su da ƙarfi, fasawa kawai za ka yi. A wajen ne ake samun wasu mitsi-mitsin ƙasusuwa da ke ɗauko motsin sauti daga jakar iska da ke cikin jikin kifin su kai kunnen ciki, wani Bajamushe Ernst Weber ya yi bayaninsu tun 1820. Karfasa ba ta da su. Shi ya sa nake ganin kifi ɗaya bai isa ba, sai ka jera iri biyu gefe da gefe sannan idonka zai buɗe.

In za ka gwada, ɗauki hoto kafin ka raba komai, kuma kar bilic ya taɓa ƙashin don cinye shi yake yi ya bar shi yana marmashewa. Ruwan haidirojin na wanke ciwo ya isa ya faranta shi, sai ka shanya a inuwa.