Yadda na bi shafukan intanet har na samu aiki a Borno

Ba a daɗe ba da mai neman aiki a Kano ko Kaduna yakan sayi jarida don duba guraben aiki, ko ya ɗauki fayil ɗinsa ya bi ofisoshi yana ajiye takarda a hannun masinja. Yanzu kusan duk wannan ya koma cikin waya, kuma da kamfanin da nake yi wa aikin akanta ya rage ma'aikata, ni ma ta nan na bi har na samu gurbi a wata ƙungiyar agaji da ke aiki a jihar Borno. Abin da na fahimta shi ne kowane shafi da irin masu ɗaukar aikin da suke zuwa cikinsa, kuma wanda bai bambance su ba zai ƙarar da data ɗinsa yana aika takarda inda ba a neman irinsa.

Jobberman, wanda wasu ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kafa a 2009, da takwaransa MyJobMag, sun fi ɗauke da tallan kamfanoni masu zaman kansu, kuma yawancin guraben a Legas da Abuja suke. Wanda ba shi da niyyar barin Arewa gara ya zaɓi jiharsa tun farko, ya kuma nemi a riƙa aiko masa da sababbin gurabe ta imel. LinkedIn kuwa nasa tsarin daban ne, domin a can mai ɗaukar aiki ne yake leƙa shafinka, saboda haka hoto na mutunci da bayani a kan aikin da ka iya sun fi yawan abokai amfani.

Inda na fi cin moriya shi ne ReliefWeb, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ayyukan jin ƙai yake gudanarwa. Tun da rikicin Boko Haram ya jawo ƙungiyoyin agaji zuwa Arewa maso Gabas, guraben Maiduguri da Damaturu da Yola sukan fito a shafin, kuma sau da yawa za ka ga an rubuta cewa jin Hausa ko Kanuri ƙarin dama ne ga mai nema, abin da ba kasafai mutanenmu suke tunawa su saka a CV ba. Sai dai aikin kwantiragi ne, na wata shida ko shekara guda, kuma ɗorewarsa ta dogara ga kuɗin masu ba da tallafi. Waɗanda suke wannan fanni sun ɗanɗana kuɗarsu a 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, hukumarta mai ba da tallafi ga ƙasashen waje.

Bayan na fara aiki, na ga yadda ake tantance takardu daga ciki. Tallar da aka fitar ta ce a rubuta sunan gurbin da garin a kan taken imel. Jami'ar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta buɗe akwatin saƙo, ta rubuta sunan gurbin a wurin bincike, kuma abin da ya fito shi kaɗai ta duba. Saƙonnin da aka aiko ba take, ko aka rubuta musu gaisuwa kawai, ko buɗe su ba a yi ba. A manyan ma'aikatu ma manhaja ce take fara tacewa, tana neman kalmomin da ke cikin tallar. Idan an ce ana son wanda ya iya Excel da manhajar akanta ta QuickBooks, to ka rubuta sunayensu a CV tare da aikin da ka yi da su, a mayar da takardar zuwa PDF, a raɗa wa fayil ɗin cikakken sunanka. Adireshin imel mai ɗauke da laƙabin samartaka shi ma ya kamata a ajiye shi gefe a buɗe wani.

Aikin gwamnati kuma nasa sha'anin daban. Shafin hukuma na gaskiya yakan ƙare da .gov.ng, kuma kafin a buɗe shi ya kamata mutum ya tanadi lambar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, da ta kammala bautar ƙasa, da hoton fasfo wanda aka rage masa nauyi. Shafukan nan kan cushe idan ranar rufewa ta matso, don haka cikewa da wuri, musamman bayan sallar asuba, ta fi sauƙi. Duk da takaicin da ke ciki, ina ganin ya fi abin da ya faru a ranar 15 ga Maris 2014, lokacin da masu neman aikin Hukumar Shige da Fice, waɗanda kowannensu ya biya naira 1,000, suka cika filayen wasa a Abuja da wasu birane, har aka rasa rayuka a turereniya.

'Yan damfara sun san halin da marar aiki yake ciki, shi ya sa suke cika WhatsApp da Facebook da tallan bogi, su aiko maka da takardar kama aiki mai tambarin hukuma, sannan su nemi kuɗin fom ko na gwajin lafiya. Ni dai ƙa'idata ita ce duk tallar da ban gani a shafin ma'aikatar kanta ba, ba na ba ta lambar BVN ɗina, balle kuɗi.

Ganawar da aka yi da ni ta bidiyo ce, don haka na yi cajin kwamfuta tun dare, na tanadi layi na biyu ko da sabis zai yanke. Kafin su kira ni da sakamako, sai da suka tuntuɓi tsohon shugabana, wanda na riga na nemi izininsa kafin in saka lambarsa a cikin waɗanda za su ba da shaida a kaina.