Mu da Muke Ƙasan Kogi

Ranar Asabar da ta wuce na sake bi ta kwazazzabon Glenwood, ina dawowa Denver daga wani awon ruwa da muka yi a yammacin jihar Kolorado. Na bi hanyar nan ya fi sau talatin, amma har gobe in na shigo ta sai na kashe rediyo. Duwatsu ne tsaye ƙiƙam dama da hagu, tsayinsu ɗaruruwan mita, kogin Kolorado yana gudu a tsakaninsu. Titin mota na wannan gaɓa, layin dogo na waccan. Na tsaya a wurin hutawa na Grizzly Creek na yi sallar la'asar, ina sallamewa sai ga jirgin kaya ya ɓullo a tsallake. Na zauna ina ƙirga taragunsa har na gaji. A wasu wuraren, tsakanin ƙarfen dogo da ruwa bai wuce jifa ba.

Shekarata bakwai ke nan ina aiki da wani ƙaramin kamfani da hukumomi ke ɗauka ya rubuta musu rahoton tasirin aiki ga muhalli. Ɓangarena shi ne ruwa: ina zai bi in an yanka hanya, wace kwalbati za ta ɗauke shi, wane rafi ne zai cika da yashi. Dokar da ta haifi wannan sana'a ana kiranta NEPA, Shugaba Nixon ne ya sa mata hannu ranar 1 ga Janairun 1970. Mutane da yawa suna ɗauka hana aiki take yi, alhali ba ta hana komai. Cewa ta yi duk hukumar tarayya da za ta yi babban aiki, ko ta ba da kuɗinsa, ko ta ba da izininsa, sai ta fara dubawa ta rubuta abin da zai jawo, ta jera wasu hanyoyin da za a iya bi, har da barin wurin yadda Allah ya ajiye shi. Yadda na tarar da aikin, akan fitar da daftari a ba jama'a aƙalla kwana 45 su yi magana, kuma duk wanda ya kawo magana mai ma'ana sai an ba shi amsa a rubuce. A yammacin Amurka da wuya ka ja layi a taswira bai taɓa ƙasar gwamnatin tarayya ba, don tana riƙe da eka kusan miliyan 640, wajen kashi 28 cikin ɗari na ƙasar gaba ɗaya. Shi kansa kwazazzabon Glenwood yawancinsa yana cikin gandun dajin tarayya na White River ne.

Titin da na bi, wato I-70, shi nake nuna wa duk wanda ya ce mini wannan rubuce-rubuce ɓata lokaci ne. Da an gina shi yadda aka saba gina manyan hanyoyi a wancan zamani, da an farfasa duwatsu an zuba a kogi an shimfiɗa kwalta a kai. Mutane suka ce ba su yarda ba. Aka shafe shekarun 1970 ana ja-in-ja, aka kafa kwamitin jama'ar gari suna zama da injiniyoyi ana gyara zane. Sai 1980 aka fara gini, aka buɗe a watan Oktoban 1992. Kilomita 20 ne kacal, ya ci dala miliyan 490. A inda wuri ya yi ƙunci, hannu mai zuwa yamma ɗora shi aka yi sama da mai zuwa gabas, kamar bene, don kada a matse kogin. Gadoji sun kai arba'in. Kusa da Hanging Lake, maimakon a sassaƙe gefen dutse, ta cikinsa aka huda. An sa wa 'yan kwangila tara in suka lalata itacen da aka ce a bari, aka kuma sake dasa tsirrai dubu 150. Duk wanda ya taɓa aiki da ɗan kwangila ya san ba a samun irin wannan sai an rubuta shi tun kafin katafila ta iso. Tun ran gini, tun ran zane.

Amma wurin ba shi da tabbas. A watan Agustan 2020 gobarar daji ta tashi a nan Grizzly Creek ɗin da na yi salla, ta cinye eka sama da dubu 30, aka rufe hanya sati biyu. Ƙasar da ta ƙone ba ta shan ruwa, santsi take yi. Daren 29 ga Yulin 2021 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, laka da duwatsu suka gangaro suka rufe titi, mutum fiye da ɗari suka kwana a hanya, wasunsu a cikin ramin dutsen nan. Sai tsakiyar Agusta aka buɗe. Na wuce bayan nan da 'yan kwanaki, na ga inda tarkace ya tura kogin daga mazauninsa.

Shi ya sa batun layin dogo na Uinta ya tsaya mini a rai. Layi ne mai tsawon mil 88 da ake son ginawa a arewa maso gabashin jihar Utah, wani yankinsa ta cikin gandun dajin tarayya na Ashley, domin fito da ɗanyen mai mai kauri kamar kakin zuma zuwa babban layin dogo. An ƙiyasta zai iya ɗaukar har ganga dubu 350 a rana, kuma mafi yawan jiragen gabas za su nufa, ta wannan ƙarfen da na zauna ina kallo. Hukumar sufurin ƙasa ta tarayya ta yi rahoto mai shafi kusan 3,600, ta amince a watan Disambar 2021. Gundumar Eagle ta nan Kolorado ta kai ƙara, ita da ƙungiyoyin kare muhalli. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta soke amincewar, ta ce ba a duba sabbin rijiyoyin mai da matatun da za su karɓe shi yadda ya kamata ba, haka ma haɗarin jirgi da gobara da lafiyar kogi a kan hanya. Ranar 29 ga Mayun 2025 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, alƙalai takwas ba wanda ya saɓa. Mai shari'a Kavanaugh ya rubuta cewa ba dole ba ne hukuma ta bi diddigin wasu ayyuka daban da ba ita ke iko da su ba, kuma kotuna su girmama inda hukuma ta ga ya dace ta tsayar da bincikenta.

Zan yi wa hukuncin adalci: a kan rijiyoyi da matatu ya fi karkata, har ma ya yarda cewa abin da aiki ya zubar a kogi ya gangara nesa yana iya shiga lissafi. Abin da ya dame ni shi ne wancan na biyun, cewa hukuma ce da kanta za ta shata iyakar dubawarta. Na san yadda ake shata wannan iyaka, don a gabana ake yi. Layi ne ake zagayawa a taswira ranar farko, a kira shi yankin nazari. Duk wanda ya faɗo waje da shi ba ya cikin rahoto, ba a aika masa takarda, ba a zuwa garinsu taro.

Ni ɗan ƙasar Haɗeja ne, kuma mu a wajen layi muka tashi. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu can sama da Kano a kan kogunan da ke gangarowa wajenmu, tafiyar sa'o'i daga ƙauyenmu. Ba na zagin madatsun nan. Kano na shan ruwa da su, kuma duk wanda ya ga tumatir da shinkafar Kadawa da Kura ya san amfaninsu. Sai dai mu ambaliyar damina ce rayuwarmu: ta zo ta shimfiɗu a fadama, a yi shinkafa, a kama kifi, in ta janye a shuka wake, Fulani su sauko da shanu. Da ruwan ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gefen ya nutse, wani ya bushe, jan-baki kuma ya samu maɓoya yana cinye hatsi. Ina yaro na sha bin Kawu cikin kwalekwale muna sarar kacala da adda, mu buɗe hanya yau, bayan wata biyu ta rufe. Dokar nazarin muhalli ta Najeriya sai a 1992 ta zo, lokacin ruwa ya riga ya canza hali.

Da na ba Kawu labarin shari'ar nan a waya, shiru ya yi, sannan ya ce, "To Injiniya, su na bakin kogin an dai kira su an ji ta bakinsu?" Na ce an ji, har kotu suka je. Ya ce, "Ai sun gode Allah. Mu wa ya tambaye mu?"

Masu cewa rahotannin nan sun yi tsawo suna da gaskiya, ni ma ina cikin masu faɗa. Ofishin Fadar White House mai kula da dokar ya taɓa lissafawa, ya samu babban rahoto na ɗaukar shekara huɗu da rabi a matsakaici. Na ga babi mai shafi tamanin wanda shafi goma sun ishe shi, an cika shi ne don tsoron lauyoyi. Manomi ba zai karanta ba, ɗan majalisar gari ma ba zai karanta ba. Da Majalisa ta sa iyaka a 2023, shafi 150, ko 300 in aikin na da sarƙaƙiya sosai, a kuma gama cikin shekara biyu, na yi murna. A rage shafi, na yarda. A rage nisan da ido zai kai, wannan ne ban yarda ba, kuma ina ganin ana haɗa biyun kamar abu ɗaya ne.

Shekaranjiya aka kawo mana sabon aiki, faɗaɗa wata hanya ce da ta ratsa ƙasar tarayya, da sabuwar gada a kan rafi. An riga an zagaye yankin nazari, ya tsaya mita 800 ƙasa da gadar. Na buɗe hoton tauraron ɗan'adam na bi rafin, sai na ga kilomita shida gaba akwai bakin wata lamba da ke kai ruwa gonakin ciyawa na gidaje kamar goma. Na je wurin shugabar aikinmu na nuna mata. Ta ce kuɗin da aka ware ba zai kai can ba. Na ce ta ba ni kwana biyu da mota, sauran lissafin zan yi shi da dare. Ta daɗe tana kallon taswirar, sannan ta ce in rubuto mata dalili a shafi ɗaya ta kai wa hukuma. Na rubuta jiya bayan isha'i. Ranar Talata in Allah ya kai mu zan je in ga mai kula da lambar, an ce dattijo ne, kuma shi ke buɗe ƙofar ruwan da hannunsa kowace bazara.