Lamba 720,720 da rabon da ba ya barin saura

'Yan adashe na kasuwar Garwa, ku duba wannan da kyau. Sefa miliyan ɗaya tana da daɗin faɗi, amma wajen rabo tana da taurin kai: 2 da 5 kaɗai ne tushenta, wato su kaɗai ake ta ninkawa a same ta. A raba wa mutum 3 ko 7, dole sefa 1 ta yi saura.

Ita kuwa 720,720 kowace lamba daga 1 har 16 tana raba ta cif, kuma ita ce mafi ƙanƙantar da ke yin haka. Gaba ɗaya lambobi 240 ne ke raba ta, miliyan ɗaya kuwa lambobi 49 kawai ke raba ta. A 17 ne 720,720 ta tsaya, saura 5.

Sirrin da ya fi burge ni shi ne 720,720 ɗin 720 sau 1001 ce, 1001 kuma 7 sau 11 sau 13. Daga nan dabarar gwada ko 7, 11 ko 13 na raba wata lamba ta fito. Ɗauki 85,202, ka ware alƙaluma uku daga dama, ka cire 85 daga 202, ka samu 117. Tunda 13 tana raba 117, tana raba 85,202. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne su fara warewa daga hagu, sai lissafin ya watse.