Abin da Na Koya daga Hannun Tommy John a Aikin Gashin Ƙashi

A ƙasarmu besbol, wasan jifan ƙwallo da dukanta da sanda, ba shi da magoya baya, amma duk wanda ya karanci raunukan 'yan wasa sai ya ci karo da sunan Tommy John. Bahago ne, ya taɓa zama mai jifa a ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles. Aikin mai jifa shi ne ya tsaya kan ɗan tudu ya riƙa wurga ƙwallo tazarar mita 18 da ɗoriya, sau ɗari ko fiye a wasa guda, kuma nauyi mai yawa yakan sauka a kan gwiwar hannu. A watan Yulin 1974, yana da shekara 31, jijiyar da ke riƙe da gwiwar hannunsa ta tsinke ana cikin wasa. A wancan zamani wannan rauni shi ne ƙarshen sana'a.

Dakta Frank Jobe ya ciro jijiya daga hannunsa na dama, ya huda ƙashin gwiwar hagu ya ɗaura ta a wurin wadda ta lalace. Ba a taɓa yi wa mai jifa irin wannan aiki ba, shi kansa likitan ya ce damar komawa fili ɗaya ce cikin ɗari.

A aji, tiyatar aka fi nanata mana. Sai da na fara karɓar marasa lafiya na gane inda gizo ke saƙar, wato abin da ya biyo bayanta. Jijiyar da ke kai saƙo ga yatsunsa ta samu matsala, hannun ya ƙandare, sai da aka sake yi masa wani aikin. Kakar 1975 gaba ɗaya bai buga ba. Mutumin da dubban jama'a ke yi wa tafi ya koma yana ɗaure yatsun da suka mutu da masu rai don ya iya riƙe ƙwallo, yana jifan bango. Sai a 1976 ya dawo, ya ci gaba har 1989. Cikin nasarori 288 da ya samu, 164 bayan tiyatar ne.

Wannan labarin ne nake ba samarin da ke zuwa wurina da ciwon gwiwa daga filin ƙwallon ƙafa. Da zarar zafi ya lafa sai ka ji, "Likita, ai na warke, gasar unguwa ta kusa." Lafawar zafi daban, ƙarfin jijiya daban, sabuwar jijiya tana cin watanni kafin ta kama ƙashi da kyau. Shi ya sa yanzu tun ranar farko nake zaunar da yaro tare da mahaifinsa ko kocinsa, in faɗa musu tsawon tafiyar ba ɓoye-ɓoye, in rubuta motsin da zai yi kowane mako. Wasu sukan ɓata rai su tafi wurin mai ɗori. Waɗanda suka zauna, su ne nake gani suna gudu ba ɗingishi bayan shekara.