Robar hancin Yaya

Kwana shida ke nan muna asibiti saboda kumburin fankiriyas, wato wani sashe a bayan tumbi mai taimakawa wajen narkar da abinci. Da asuba zazzaɓin Yaya ya sauka, har ya buɗe ido ya tambayi yara. Daɗi kamar in yi tsalle.

Inna ta iso bayan azahar da kwano a ƙulle cikin ɗankwali. Tana ganin robar da aka zura masa ta hanci, fuskarta ta sauya. Ta ce da nas ɗin, "'Yar nan, mutum cikinsa ke ciwo, ku bar cikin ya huta mana. Ƙarin ruwan bai isa ba?"

Nas ɗin ta jawo kujera ta zauna, Allah ya saka mata. Ta ce, "Mama, a da haka ake yi. In fankiriyas ya kumbura, sai a hana mutum ci, a riƙa ba shi abinci ta jijiya. Daga baya aka gano cewa hanjin da ya daɗe ba komai a ciki bangonsa yakan yi rauni, ƙwayoyin cuta su tsallaka su kama ɓangaren fankiriyas ɗin da ya mutu. Shi ya sa in ciwon ya yi tsanani, baki ya kasa, ake fara ciyarwa ta roba cikin kwana uku na farko." Ta nuna mata injin da ke tura abincin: da mililita 20 a awa aka fara, yau an kai 40 tunda bai yi amai ba. Ta ce kada a sauke kan gadon, don kada abincin ya dawo ya shiga huhu.

Inna ta gyaɗa kai kawai. Ni na san ba bayanin ne bai shige ta ba. Shekara arba'in tana ciyar da shi da hannunta, yau ga kwano a cinyarta, an ce ko cokali ɗaya.

Sukarinsa ya ɗan hau, an yi masa insulin. An sake ɗibar jini don duba sinadaran fosfet da fotasiyam. Akwai kuma maganar cire masa matsarmama, amma sai ya warware.

Da za ta tafi ta manta kwanon a ƙarƙashin gado, ko kuwa da gangan ta bari. Yanzu ƙarfe ɗaya na dare, ina jiƙa masa leɓe da auduga, injin yana ta ƙara a hankali. Na kasa kwance ɗankwalin.