Abin da gyaran famfon tuka-tuka ya koya mini

A aikin ruwan sha na karkara, famfon tuka-tuka iri biyu na fi cin karo da su a kan rijiyoyin burtsatse: India Mark II da Afridev. Daga waje kusan kamarsu ɗaya. Sai ranar da ruwa ya ƙi fitowa ake gane bambancinsu.

India Mark II an ƙera shi ne a Indiya cikin shekarun 1970, da haɗin gwiwar gwamnatin ƙasar da UNICEF. Ƙarfe ne mai juriya, yara su yini suna tuƙa shi bai ce uffan ba. Sai dai silindarsa da ke can ƙasa ta fi bututun faɗi. Saboda haka duk ranar da 'yar robar fistin (abin da ke hawa da sauka cikin silindar yana ɗago ruwa) ta cinye, robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, dole a zaro bututan ƙarfen gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne mita 3, ga nauyin ruwa a ciki. Aikin majiya ƙarfi ne da kayan aiki na musamman, in kuwa bututu ya suɓuce ya faɗa rijiya, an shiga uku. Shi ya sa ƙauye kan koma tafki yana jiran makanike daga birni.

Afridev ya samo asali ne a Malawi da Kenya a farkon shekarun 1980, da tallafin Bankin Duniya da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Tambayar da masu tsara shi suka sa a gaba ita ce, wa zai gyara? Sai suka bar saman silindar a buɗe, yadda fistin da bawul (abin da ke hana ruwa komawa ƙasa) za su bi ta cikin bututun roba su fito ba tare da an taɓa bututun ba. Sandunan ma maƙale suke da juna, ba sai an kwance su da kyar ba. Da sifana ɗaya da ƙugiyar kamo bawul, mutum biyu na ƙauyen, ko mata ne, sun gama aikin.

Ana cewa Afridev ya fi sauƙi, ni kuwa ina ganin maganar da saura. Tsara shi ya fi wuya, domin sai da aka sha gwaji kafin a dace da robobin da za su jure. Wahalar na nan, an dai ɗauke ta daga kan mai gyara an ɗora wa injiniya. Kuma yana da nasa sharaɗin: robobinsa na son canji a kai a kai, in babu mai sayar da su a kasuwa mafi kusa, shi ma zaman banza zai yi. Rijiyar da ta zarce mita 45 kuma ba tasa ba ce.

Ban ƙi tsari mai sarƙaƙiya ba. Gari babba mai dabbobi, tuka-tuka ɗaya ba zai ishe shi ba, dole sai sola da sumo (famfon lantarki da ake zurawa cikin rijiya) da tanki. Amma ko a nan nakan duba kowane kaya in tambayi wanda zai taɓa shi in ya lalace. Batir ne na farko da nake sokewa: yana da tsada, zafinmu na kashe shi da wuri, ɓarayi kuma na sonsa. Gara a ƙara girman tanki, sumo ya cika shi da rana, a ɗiba da dare.